Malam Tamanin-da-Biyar da Faifan Madubai

Tun yana koyarwa ɗalibai suka laƙaba masa Tamanin-da-Biyar, sunan kuma ya bi shi har bayan ritaya. Malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke bayan tashar mota, inda sai ya ɗaga murya ya rinjayi masu kiran fasinja kafin 'yan bencin baya su ji shi. Siriri ne, yana tafiya kai a sunkuye kamar mai neman abin da ya yar, aljihun rigarsa kullum fari fat da garin alli. Bai taɓa zama shugaban makaranta ba, bai ma nema ba. Yakan ce shi da shugabanci sun hango juna tun daga nesa, kowa ya canza hanya.

Darasi guda ne ya jawo masa sunan. Duk shekara in aka zo babin zafi, sai ya ture littafi gefe ya koma maganar rana.

"Ku tara madubai," yakan ce wa ajin, "ku sa duk su zuba hasken rana a kan tukunya ɗaya. Ruwa ya tafasa, tururi ya juya inji, inji ya ba da lantarki. To a cikin zafin da rana ta aiko, nawa ne zai shiga waya?"

Ba a rasa wanda zai ce duka. Sai Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Ni ma haka na so."

Daga nan ya shiga bayani. Inji ba ya motsi sai zafi yana gangarawa daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi, kuma dole a zubar da wani abu a ƙasan gangaren. Fuskar rana ta kusa digiri dubu shida, in an fara ƙirgen daga inda babu sauran ɗumi ko ɗis. Iskar da muke zaune a cikinta kuwa ɗari uku ce. Saboda haka ko ka jingina injinka a jikin ranar, kashi biyar cikin ɗari sun tafi, saura casa'in da biyar. Amma wa zai kai ka can? Abin da kake da shi tukunya ce a ƙasa, ita kuma tana da nata halin. In ba ta yi zafi sosai ba, inji ya yi ragwanci. In ta yi zafi ƙwarai, sai ta fara haske kamar garwashi, tana mayar wa sama abin da aka ba ta. Ka ninka zafinta sau biyu, abin da take mayarwa ya ninku sau goma sha shida. Sai dai a nemi tsaka-tsaki. Da madubai marasa aibi, da sama garau, da tukunya a wajen digiri dubu biyu da ɗari biyar, abin da za a samu kashi tamanin da biyar ne.

"Daga nan babu gaba," in ji shi. "Ba laifin injiniyoyi ba ne, haka aka halicci abin. Kuma kafin a kai wannan zafin, ƙarfen da kuka sani ya daɗe da zama ruwa."

Sai ya yi ta ja wa lambar layi har allin ya karye. Tambayar ba ta taɓa fitowa a jarrabawa ba, ko sau ɗaya.

A gida kuwa labarin daban ne. Suna haya a saman wani bene, ɗaki biyu da falo, rabin falon keken ɗinkin matarsa ya cinye shi. Tela ce, mace mai hannu. Ita ke canza ƙwan fitila, ita ke ɗaure famfo in ya fara ɗiga. Aikin Malam shi ne riƙe mata kujera in ta hau, yana yi mata bayanin abin da ke faruwa a cikin wayar.

"Malam, riƙe kujerar dai," takan ce.

"Na riƙe. A wannan fannin babu wanda ya fi ni a gidan nan."

Da ya yi ritaya sai zaman gida ya ishe shi, shi ma ya ishi gidan. Ya karanta duk abin da ke da rubutu a jiki, har takardar cikin kwalin magani. Ya koma zama kusa da keken ɗinki yana ba da shawarar da ba a nema ba.

Matar tana da ƙane mai walda, ƙaton mutum mai murya kamar ana jan ganga a kan siminti, wanda ya mai da tsokanar Malam sana'arsa ta biyu. Wata rana da rana tsaka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, suna zaune a falo kowa na sharce gumi. Mai walda ya dubi hasken da ke kwarara ta taga, ya dubi mijin yayarsa.

"Yaya, kun ƙare ƙuruciyarku kuna tafasa ruwa a kan allo, ko kofin shayi ɗaya ba mu sha ba. Ga rana nan tana zuba a banza. Ina tamanin da biyar ɗin? A ba mu ko goma mu kunna fanka."

"Tamanin da biyar iyaka ce, ba alkawari ba."

"Iyakar 'yan boko dai. Ni a ba ni ƙarfe mai kyau in toshe ko'ina, ɗari bisa ɗari zan fitar, har da gyara."

Malam ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ba a taɓa zagin lambarsa a gabansa haka ba. Kafin a dawo da wuta sun shirya za su ƙera abin, kowa da niyyar kunyata ɗan'uwansa. Matar kuwa ta lura cewa aikin a saman rufi za a yi shi, falonta zai huta.

Rufin benen fili ne na siminti, da tankin ruwa a kusurwa, da igiyar shanya, da akurkin tantabarun mai gidan haya. Mai walda ya samo wani ƙaton faifan satilayit daga gidan kallon ƙwallo da ya rufe, suka jawo shi sama da igiya, maƙwabta na leƙe. Malam ya bi shagunan masu gilashi yana roƙon fasassun madubai. Aka nuna masa yadda ake yanka su ƙanana, ya ce ya gane. A makon farko yatsa biyu kaɗai suka tsira ba a naɗe su da filasta ba.

"Waɗannan biyun na bar su ne don riƙe alli," ya ce wa matar tana ɗaure masa na takwas.

Haka ya yi ta manna madubai ɗaya bayan ɗaya har faifan ya cika. Tukunyar kuwa tsohuwar kwalbar kashe gobara ce, suka shafe ta da baƙin fenti, suka kafa ta a gaban faifan daidai inda hasken ke taruwa. Abu ɗaya Malam ya kafe a kai: sai an sa mata abin da zai saki tururi in ya yi yawa. Mai walda ya ce tsoro ne. Malam ya ce e, tsoro ne, kuma shi ya kawo shi wannan shekarun da ransa. Daga tukunyar siririn bututu ya tafi zuwa wata farfela, farfelar kuma tana juya danamon keke, irin wanda ke ba fitilar keke wuta. Da aka rasa abin da za a yi fukafukan farfelar da shi, mai walda ya sauka kicin ɗin yayarsa ya dawo da cokula a aljihu. Ranar da ta gano, Malam ya ce shi lissafi kawai aka ba shi, bai san komai a kan kayan aiki ba.

Lissafin ya yi shi kuwa, kuma bai yi masa daɗi ba. Tukunyarsu ba za ta wuce zafin tafasar ruwa da wani abin kirki ba, gangarensu gajere ne.

"Tamanin da biyar ta masu madubin da ba a yi ba tukuna ce," ya gaya wa matar. "Tamu iyakar talatin ce."

"To ai talatin ma ba laifi."

"Ita ma iyaka ce. Ban ce za mu kai ba."

A gwajin farko suka saita faifan, hasken ya taru a gindin tukunya fari ƙal, ba ya kalluwa. Suka koma inuwar tanki suna jira. Can da suka leƙo, hasken ya bar tukunyar yana dukan iska. Malam ya tsaya yana kallon sama, baki buɗe. Ya yi shekara da shekaru yana koya wa yara cewa duniya juyawa take, har yana zagaya teburi da lemo a hannu, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa za ta ci gaba da juyawa a ranar da yake da aiki ba. Daga ranar ya samu sabon muƙami. Shi ne mai tsayawa a bayan faifai, yana ɗan tura shi kaɗan-kaɗan yana bin rana.

Da ruwa ya tafasa kuma sai asirin mai walda ya tonu. Duk inda ya ce ya toshe, nan tururi ya ɓullo. Injin ya kama fito ta wuri huɗu, kowane da muryarsa, tantabaru suka watse. Mai walda ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da albarka. Malam ya ji wani sanyi a ransa, ya zagayo gaban faifan don ya nuna masa yoyon da yatsa, ya sunkuya yana bayani a nutse.

"Kai, ba ka jin ƙauri?" ya tambaya a tsakiyar bayanin.

"Ina ji, Yaya. Daga kanka yake fitowa."

Hular Malam ta huje a tsakiya, ramin ya isa a zura babban yatsa. Gashi kaɗan ya tafi, dama ba shi da yawa. Malam ya sauko da hular a hannu ya nuna wa matar, ya ce ga shaidar farko cewa lissafinsa daidai ne, zafin yana taruwa inda ya ce.

Sun daɗe suna fama. Aka sake walda, aka sake. Wata rana farfela ta juya da ƙarfi har cokali ɗaya ya fizge ya daki tankin ruwa, ƙarar ta fito da mai gidan haya daga wanka. Amma a hankali yoyon ya ragu, farfela ta koyi juyawa ba tare da jifa ba, suka ga lokaci ya yi da za a kira mutane.

Aka sa ranar hutu, da tsakar rana, don a lokacin ne injin ke da ƙarfi. Mai gidan haya ya hau, dattijo mai tumbi da ba ya son hawan bene. 'Yar Malam, ma'aikaciyar jinya, ta zo da mijinta. Maƙwabta suka jeru a jikin bango, kowa ya kare fuska da hannu. Malam ya sa sabuwar hula ya tsaya a bayan faifai. Mai walda ya buɗe bututu, tururi ya yi tsaki, cokula suka ɗauki gudu har ba a ganin su. Ya ɗauko ƙaramin ƙwan fitilar keke ya haɗa da waya, ya ɗaga shi sama.

Kowa ya zuba ido.

"Ya kama?" in ji mai gidan haya.

"Ya kamata a ce ya kama," in ji Malam.

Matsalar ita ce babu mai iya sani. Rana tana tsakiyar kai, simintin yana walƙiya, faifan yana watsa haske ko'ina. A cikin wannan hasken ko fitilar mota aka kunna ba za a gan ta ba, balle ta keke. Duk watannin nan su biyun suna gardama a kan kashi nawa za a samu, babu wanda ya tuna cewa sun ƙera fitilar da ba ta ci sai lokacin da ba a bukatarta.

Matar Malam ta juya ta sauka. Malam ya ɗauka kunya ce ta kore ta. Sai ga ta ta dawo da bargo mai kauri. Ta lulluɓa a kanta, ta karɓi ƙwan ta shige da shi ciki. Aka ɗan jima, muryarta ta fito daga ƙarƙashin bargon.

"Akwai wuta."

Nan aka yi layi. Manyan mutane masu iyali, da rana tsaka, suna shiga bargo ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa jiƙe da gumi. Da aka zo kan Malam, sai da surukinsa ya riƙe masa faifan. A cikin duhun bargon ya ga zaren ƙwan ya yi ja, ja mai rauni kamar bakin sigari, yana ɗan ƙaruwa yana raguwa. Ya daɗe a ciki fiye da kowa. Da ya fito ya ce gumi ne ya shigar masa ido.

"To Malam, da dare fa?" mai gidan haya ya tambaya.

"Da dare ni da shi duk hutawa muke."

Aka yi dariya. 'Yarsa ce ta yi tambayar da yake gudu. "Baba, kashi nawa ke nan aka samu?"

Ya ciro alli ya yi lissafin a jikin tanki, a gaban kowa, don bai iya ƙarya da lamba ba. Zafin da ke sauka a faifan ya isa ya kunna dutsen guga har da saura. Abin da ya isa ƙwan kuwa, in aka raba wancan gida ɗari biyar, gida ɗaya ne.

"Ɗaya cikin ɗari biyar," ya ce. "Ni na ce ba za a wuce tamanin da biyar ba, kuma kun gani da idonku, ba a wuce ba. Gaskiyata ta fito. Kawunki kuma da ya yi alkawarin ɗari har da gyara, gyaran ne ya iso, ɗarin tana hanya."

Mai walda ya yi dariya har da riƙe ciki. Daidai nan wani ɗan gajimare ya gifta, cokula suka rage gudu suka tsaya, taro ya watse.

Da yamma abin ya dawo masa. Ya zauna a falo bai taɓa shayinsa ba. Dariyar da ya ba mutane ta ƙare, ta bar shi da lambar. Matar tana ɗinki, ta tsayar da keken.

"Malam, me ya faru kuma? Ai wuta ta kama."

"Ɗari huɗu da casa'in da tara sun gudu a hannuna. Na san iyakar abin tun ina saurayi, amma ban san hanyar zuwa ko ƙofarta ba."

"To ina suka tafi?"

Ya buɗe baki zai ba da amsar aji, sai ya ga bai sani ba. Ya san dai dole wasu su tafi, amma waɗannan nasa, a wannan rufin, bai san ta inda suka bi ba.

Washegari ya hau da kansa yana nema. Ya ga kashin tantabaru ya rufe madubai da dama. Ya ga ratar da ke tsakanin madubi da madubi, da waɗanda ya manna a karkace suna haska bangon maƙwabci. Ya kai tafin hannu kusa da tukunya ya ji tana hura masa zafi kamar murhu, iska na kwashewa. Bututun ma haka. Tururin da ya daki cokula yana fita da sauran ƙarfinsa, ya tashi sama a banza. Ya wanke madubai, ya gyara karkatattun, ya naɗe bututu da tsummokin da ke zuba daga keken ɗinki, ya lulluɓe bayan tukunya da yumɓu. Bayan wasu watanni suka kai ɗaya cikin ɗari biyu. Mai walda bai taɓa yarda akwai iyaka ba. Har yau yana cewa a bari ya samu ƙarfen da yake nema.

Labari ya kai tsohuwar makarantarsa. Malamar da ta gaje shi ta zo ta gaishe shi, ta roƙi a kai injin harabar makaranta yara su gani. Mai gidan haya ya fi kowa murna, har ya ba da motar ɗaukar kaya. Aka sauko da faifan aka ɗora, Malam ya zauna a baya ya rungume shi. Sun manta ba su rufe madubai ba, suka ratsa tashar mota suna kashe wa direbobi ido, ana ta aiko musu da baƙaƙen maganganu, Malam yana ɗaga hannu yana ba da haƙuri hagu da dama.

Yanzu duk ranar da sama ta yi garau a zangon da ake babin zafi, yakan je. Ba ya fara rubuta komai. Sai ya sa yara su zagaye injin, kowa ya kai hannu kusa, ba tare da ya taɓa ba, ya faɗi inda ya ji zafi na gudu. Suna gardama, suna ture juna, wasu na gano abin da shi bai lura da shi ba. Sai sun gaji yake gaya musu cewa ko an toshe duk waɗannan, akwai rabon da dole a bar wa iska, ya nuna musu dalili.

A zuwansa na baya-bayan nan wata ɗaliba mai tabarau ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa ba ku sayi farantin sola kawai ba?"

Malamar ta harare ta, amma Malam ya ce a bar ta, tambaya ce mai kyau.

"An saya, 'yata. Ɗiyata ce ta gaji da ganina a rana ta kawo mana. Yana nan a rufinmu, ba tururi, ba ƙara, yana ba da wajen kashi ashirin, shi ke juya mana fanka. Kullum da safe nakan hau in goge shi da tsumma. Iyakar aikina da shi ke nan, bai taɓa neman shawarata ba."

Yara suka yi dariya. Ya duba tukunya ya ga hasken ya fara zamewa gefe, ya ce wa mai tabarau ta zo ta kama bakin faifan, ta tura a hankali, ta kuma kula da ɗankwalinta.